Hancin Ɗankande

Idan ka taɓa sayen tsire a bakin tashar mota ta Tamale, to ka san Ɗankande ko da ba ka san sunansa ba. Shi ne gajeren nan mai hular da ta sha hayaƙi har launinta ya ɓace, wanda yake yanka maka albasa yana zagin naman sauran masu tsire. A Tishigu aka haife shi. Ubansa ɗan koren shanu ne da ya gangaro daga Nijar da garken wani, ya ga Tamale ta yi masa, ya yi zamansa. Uwarsa Kande mai koko ce, sunanta aka laƙa masa, har ya yi furfura ba wanda ya tuna sunansa na yanka.

Karatu bai zauna masa a ka ba, na allo ko na boko. Noma kuwa ya ce ba gadonsu ba ne. Abu ɗaya Allah Ya ba shi, shi ne hanci, kuma wallahi ya ishi mutane da shi. Daga bakin ƙofar mayanka zai tsaya ya ce naman can kwana ya yi a firji, in an bincika a tarar haka ne. Ya shinshina ƙuli-ƙulin yaji ya ce da tsohon mai aka soya shi. Mahauta suna tsoronsa, mata masu tuwo suna addu'ar kada ya bi ta layinsu. Duk inda aka yi gardama, ko ta nama ce ko ta ƙwallo ko ta siyasa, sai ya ɗora yatsa a kan hancin ya ce, "Hancina bai taɓa yi mini ƙarya ba." Tun ana dariya har aka daina, aka koma gaskata shi.

Hatta matarsa cewa yake hanci ne ya zaɓar masa. Wai yana saurayi ya bi ta wani gidan biki a Kaladan, ƙamshin miyar ayoyo ya tare shi a hanya, ya tsaya ya tambayi wace ce a kan tukunya. Aka ce Sanatu ce, 'yar Dagombawa, ƙanwar Yidana. Wannan labarin dai gaskiya ne, don ya aure ta, suka haifi 'ya'ya, 'ya'yan suka girma suka watsu Kumasi da Ankara. Sanatu ta zama uwar tukunya a Tishigu. Suna, biki, sadakar arba'in, ba a ɗora babbar tukunya sai an kira ta, kuma ba a sauke miya sai ta ɗanɗana. Ba ta da gona, ba ta da shago. Wannan suna shi ne duk abin da ta tara a duniya.

A gida kuwa akwai wani koren kwano mai murfi da ta zo da shi cikin kayan aurenta, kwanon maigida ke nan, ba mai taɓa shi. Kullum bayan la'asar, kafin Ɗankande ya tafi tasha, za ta ajiye masa shi a ƙofar ɗaki, ya cinye ya suɗe, ya yi gyatsar da duk gidan haya za su ji. Kowa ya san ma'anar kwanon maigida a wajenmu. In ya koma wayam, gida lafiya. In ya koma yadda ya zo, to an yi magana, kuma magana mai nauyi.

Sai ga korona. Aka sa bokitin wanke hannu a ƙofar kowane shago, aka ce kowa ya rufe hanci da baki. Nan fa Ɗankande ya sami abin yi. A majalisarsu ta gindin dalbejiya kusa da masallaci, ya ce ciwon masu kwana cikin sanyin inji ne, zafin Tamale kaɗai ya isa ya gasa shi. Ya ce takunkumi na jaki ne da maraƙi, shi ɗan halak ba zai ɗaure bakinsa kamar dabba ba. Wanda duk ya zo sayen tsire da ƙyalle a fuska sai ya sha ba'a kafin a ba shi namansa. Masahudu tela, abokinsa tun suna yara, ya ce masa ya bi a hankali, baki shi ke yanka wuya. Ina! Mutumin ya miƙe tsaye a gaban jama'a, ya ɗora yatsa a inda ya saba, ya ce, "In da gaske akwai wani ciwo wai shi korona, ya zo ya ɗauke hancin nan nawa. Ina jiransa."

To, bai daɗe yana jira ba. Zazzaɓi ya kayar da shi, da tari da ciwon gaɓoɓi. Ya ce sauro ne, ya sha dafaffen ganye, ya hana a kai shi asibiti. Da ya tashi sai ya tarar duniya ta zama fanko, ba ƙamshi ba wari, tsire da katako duk ɗaya. Wannan bai yi masa wuyar ɓoyewa ba. Ya ci gaba da shinshina nama a mayanka yana yatsine fuska kamar da, mahauta kuma suna rage masa kuɗi don tsoro. Watanni suka wuce yana wannan wasan kwaikwayo, yana ta murna ba wanda ya gane.

Ranar da hancin ya dawo, gara ma da bai dawo ba. Sanatu ta yi tuwo da miyar ayoyo, ta sa daddawa, ta zuba jar miyar nama a kai, irin wadda ya fi so. Yana ɗaga murfi sai wani wari ya doke shi, kamar an ƙona taya a cikin kwatar bayan mayanka. Ya ture kwanon da ƙafa, ya daka tsawa a tsakar gida, "Sanatu! Me kika sa mini a miyar nan?" Gidan haya ne, ɗaki ya fi goma. Azeta maƙwabciyarsu tana daka a bakin murhu, sai ta tsayar da taɓarya don kada kalma ɗaya ta wuce ta.

A yi masa adalci, a wannan ranar da gaske ya ɗauka miyar ce. Amma kafin magariba ya san gaskiya, don yana ɗora nama a wuta a tasha sai warin nan ya taso daga nasa tsiren, wanda ya yanka da hannunsa ya barbaɗa wa yajinsa. Ya yanka albasa, hawaye da amai suka zo tare. Ranar Juma'a turaren mutanen sahu ya zame masa kananzir. Man goge baki, soyayyen ƙwai, tafarnuwa, duk mushe. Ruwan randa ma tsatsa-tsatsa yake ji. Abin da ya fi ba shi tsoro, man kaɗanyar da Sanatu take shafawa, wanda ya saba ji a jikinta tun tana amarya, shi ma ya koma wari. Sai ya naɗe tabarmarsa ya koma ɗan ɗakin ƙofar gida da kwana, bai gaya mata dalili ba.

Mai hankali da ya faɗa. Kalma nawa ce? Na yi ciwon nan, ya taɓa mini hanci, ki yafe mini tsawar da na yi miki. Shi ke nan fa. Amma in ya faɗa, ya zai yi da rantsuwar gindin dalbejiya? Da wane ido zai kalli mahauta? Ɗankande ya auna dariyar majalisa a hannu ɗaya, ya auna matarsa a ɗayan, ya ga dariyar ta fi nauyi. Girman kai rawanin tsiya, shi kuwa ya naɗa shi har da kunnuwa biyu.

Sai ya shiga dabaru. Lokacin da kowa ya yar da takunkumi, shi sai ya je ya sayo, yana shafa rob, man zafin nan, a ciki yana ɗaurawa a bakin wuta, wai hayaƙi ne ya fara damun ƙirjinsa. Ya je wajen wani mai magani can hanyar Savelugu a ɓoye, aka ba shi garin shaƙa, ya yi atishawa har ya ga taurari, wari yana nan daram. Abinci kuwa ya gano ba abin da yake shiga sai busasshen burodi da farar shinkafa ba mai ba miya, ita ma sai ta huce. Don haka yakan hau babur ya tafi can wata unguwa mai nisa, wajen wata mai shinkafa da ba ta san shi ba, ya zauna a lungu yana tusawa kamar ɓarawo. Wai shi a dole ya ɓuya, a garin da kowa yake kan babur kuma kowa ɗan'uwan wani ne.

Sanatu ba ta fasa ba. Kullum bayan la'asar koren kwano yana ƙofar ɗakinsa. Shi kuma daga ya hango shi sai ya riƙe numfashi, don gidan gaba ɗaya a lokacin suyar albasa ake yi kowace kusurwa, ya tura shi gefe ko murfin bai taɓa ba. Ta ce, "Maigida, buɗe mana ka gani." Ya ce, "Ɗauke." Wata rana ta biyo shi ɗaki, ta rage murya ta ce, "Maigida, hancin nan naka…" Bai bari ta ƙarasa ba. Ya ce hancinsa lafiyarsa lau, ita ta je ta nemi abin da ya sami hannunta. Daga ranar ba ta sake tayar da zancen ba, ta ajiye, ta dawo ta ɗauke.

Azeta kuwa ta sami sana'a. Ba ta yi ƙarya ba, abin da ta gani kawai take rarrabawa gida-gida: kwano yana shiga yana fita yadda yake, maigida ya raba ɗaki, an gan shi yana cin gayan shinkafa a wata unguwa, ga shi ya rame wando yana zamewa. Ta kan rufe da cewa ita dai ba ta ce komai ba, amma ruwa ba ya tsami banza. Mijin uwar tukunya ya ƙi cin tuwonta, kuma mijin nan Ɗankande ne mai hanci. Me ya shinshino? Kafin wata ya zagayo an gama shari'a a bakin famfo, cewa Sanatu tana barbaɗa wani abu a miya, asiri ne ko sammu Allah masani.

Masahudu ne ya ba shi ƙofa ta ƙarshe. A majalisa, gaban kowa, ya ce, "Ɗankande, ka ji abin da ake faɗa a kan iyalinka. Matar nan ta ciyar da mu duka. Ka buɗe baki ka kashe maganar nan. Da gaske ka ji wani abu a miyarta?" Ɗankande ya san ga gaskiya a kan harshensa. Sai ya gyara hula, ya ɗora yatsan nan nasa, ya ce, "Ni dai ban ce komai ba. Amma hancina bai taɓa yi mini ƙarya ba." Tir da wannan baki! Da ya fito fili ya ce ta sa masa guba ma da ya fi sauƙi, don da an tambaye shi hujja.

Daga nan aka daina kiran Sanatu. Wani suna da aka riga aka gaya mata a nan Tishigu, sai aka aiko wai an ɗaga, alhali tana jin kiɗan daga ɗakinta. Ta je sadakar wata tsohuwar da suka yi zaman mutunci, aka ba ta tsintar shinkafa a can gefe, da ta matso kusa da tukunya sai mata biyu suka tare wurin da jikinsu suna hira. Ta miƙa wa jikar Azeta loma, uwar ta fizge yarinyar ta kakkaɓe mata hannu. Wannan ta fi yi mata ciwo, ranar ta yi kuka a fili. Ɗankande yana ɗakin ƙofa yana jin kukan, ya ja takunkuminsa ya fita tasha ta baya.

Ba a daɗe ba Yidana, yayanta, ya zo da keken kaya ya kwashe ta zuwa gidansa a Jisonayili. Bai yi faɗa ba, bai ma zauna ba. Sanatu ta ɗauki tukwanenta da akwatinta, ta ɗauki koren kwanon ta ɗora a cinya.

Sai a lokacin mutumin ya san yana son matarsa. Ya sani sarai, so ne mai zafi, irin wanda bai taɓa furtawa ba don a ganinsa faɗar haka rainin kai ne. Gida ya yi masa faɗi. Ya gwada dafa shinkafa da kansa, ta ƙone ƙurmus yana zaune a gefe, don warin ƙuna da warin komai duk ɗaya ne a wajensa. 'Ya'ya suna ta waya daga Kumasi suna kuka. Ya daure, ya cije, har damina ta wuce, sannan ya sayi goro ya roƙi Masahudu ya raka shi biko.

Suka tarar Yidana ya tara dattawan dangi a tsakar gida. Aka durƙusa aka yi gaisuwar Dagombawa mai tsawo, ana ta "naa, naa," aka karɓi goro aka ajiye gefe ba a raba ba. Yidana ya ce, "Suruki, ba ma son dogon zance. A kan kwano aka ɓata, a kan kwano za a gyara. Ƙanwata ta yi girki. In ka ci a gabanmu, ga matarka. In ba za ka ci ba, ka faɗa wa dattawan nan abin da ka ji a miyarta, mu ma mu sani."

Sanatu ta fito. Ta rame ita ma. Ta durƙusa ta ajiye koren kwanon a gabansa, ta koma gefe ta zauna ba ta kalle shi ba. Ɗankande kuwa, ko a nan, kai jama'a, ko a nan ba gaskiya yake tunanin faɗa ba, lissafi yake yi ko zai iya haɗiye loma uku ba tare da ya amayar a gaban surukai ba. Ya riƙe numfashi, ya yi bisimilla, ya ɗaga murfi.

Farar shinkafa ce. Ba mai, ba miya, ba albasa, ta huce sarai, da 'yar dafaffiyar doya a gefe. Ya saki numfashin a hankali, bai ji warin komai ba.

"Abin da ke cikin kwanon nan ke nan tun satin da ka yi mini tsawa," in ji Sanatu. "Ni nake wanke takunkuminka, na ga rob. Na ga kwalbar turarenka a bola. Na ga abin da ke korar ka da abin da kake iya haɗiyewa, ai ba yau na fara ciyar da kai ba. Tukunya dabam na saya don kada ta ɗauki ƙamshin albasa. Kullum in dafa, in bar ta ta huce, in kawo maka. Ko sau ɗaya ba ka ɗaga murfin ba, Maigida. Ban gaya wa kowa ba, ko yayana, don na ce asirinka nawa ne. Ashe ni nawa ba naka ba ne."

Nan ne fa bakin ya buɗe. Ya faɗi duka, zazzaɓin, da warin, da mai maganin hanyar Savelugu, yana faɗa hawaye yana bin gemunsa. Masahudu ya saki baki yana kallonsa, can ya ce, "Wannan ne? Wannan ne kawai? Ƙanwar matata ta shekara ba ta iya zama kusa da soyayyen ƙwai, kowa ya sani, ba wanda ya kama ta. Kai, Ɗankande! Da dariyar kwana biyu za mu yi maka mu manta."

Ya cinye shinkafar tas, har da doyar. Rabonsa da ƙoshi ya manta. Yidana ya ce to alhamdu lillahi, sharaɗi ya cika, a raba goro. Sanatu ta ɗauki kwanon ta je ta wanke, ta goge, ta dawo ta ajiye a gaban mijinta. Ta ce, "Yaya ne ya yi sharaɗi, ba ni ba. Da sunana na shiga Tishigu, ba zan koma babu shi ba. Ranar da aka sake kira na kan tukunya a unguwar nan, ka zo ka ɗauke ni."

Ya ɗauka abu ne mai sauƙi. Washegari ya tsaya a gindin dalbejiya ya tona kansa, aka yi dariyar, kwana biyun ma ba ta kai ba. Ya bi gida-gida, har ɗakin Azeta, yana rantsuwa cewa miyar Sanatu ba abin da ya same ta, hancinsa ne ya lalace. Mata suka saurare shi da ladabi, suka ce Allah Ya sawwaƙe. Yana juya baya suka ce, wayyo, bawan Allah, ta gama da shi, ga shi yanzu har hancinsa yake ƙaryatawa don ya rufa mata asiri. Shekara da shekaru ya yi yana koya musu cewa hancin nan ba ya ƙarya, kuma sun koya da kyau.

Hancin ya ɗan sassauta yanzu, yana iya zama kusa da albasa in ba a soya ta ba, nama ne dai har yau sai da rob. Yana nan a bakin tasha, ya daina zagin tsiren kowa. Duk wanda ya ji matarsa ta haihu ko zai aurar da 'ya, sai ya ƙara masa tsinke biyu kyauta, ya rage murya ya tambaye shi ko sun sami mai dafa musu. Su ce za su yi shawara da mata. Bana an yi suna a gidan hayarsu kansa, a tsakar gidan da ya yi tsawar, Azeta ce ta riƙe tukunya. Koren kwanon yana kan taga a ɗakin da Sanatu ta bari, kullum bayan la'asar yakan sauke shi ya goge ƙura ya mayar.